Sai An Gwada Akan San Na Ƙwarai: Ɗalibanmu da Kwaikwayon Kwamfuta

Akwai wani nau'in bincike da ke ƙara samun karɓuwa a sassan kimiyya na jami'o'inmu, musamman a wurin ɗaliban ajin ƙarshe da masu neman digiri na biyu, wato binciken da ake yi kacokan a cikin kwamfuta. Maimakon ɗalibi ya shiga ɗakin gwaje-gwaje ya zuba sinadari a kwalba, sai ya jera ƙwayoyin zarrar sinadarin a cikin na'ura, ya faɗa mata dokokin da suke bi wajen jan juna da ture juna, ya bar ta ta lissafa yadda za su yi motsi. Daga wannan motsi ake fitar da zafin abin, da matsinsa, da kaurinsa, da sauran siffofin da ake iya aunawa. Shi ne abin da zan riƙa kira kwaikwayon kwamfuta, kuma reshe ne na fiziks ɗin ƙididdiga, ilmin da ke bayanin yadda halin abu guda ke fitowa daga taron ƙwayoyin da ba su ƙirguwa.

Dalilin wannan karɓuwa a fili yake. Kayan ɗakin gwaje-gwaje suna da tsada, sinadarai kuma sai an yo odarsu da dala. Amma manhajojin wannan aiki, irin su LAMMPS da aka gina a cibiyar bincike ta Sandia a Amurka, da GROMACS wadda ta samo asali a Jami'ar Groningen ta ƙasar Holan, kyauta ake sauke su daga intanet. Yaron da ya tashi a Diggi, ya samu gurbi a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013, wadda mazauninta ke cikin ƙaramar hukumarsu ta Kalgo, ko ya tafi jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha da ke Aliero, yana iya saɓa jaka ɗauke da kwamfutar da ta ninka na'urorin da aka kafa wannan ilmi da su ƙarfi sau dubbai. Babbar dama ce, kuma ina murna da ita. Abin da ke damuna tambaya ce guda da na lura ba a cika yi wa irin waɗannan ayyuka ba: da me aka tabbatar cewa lambobin da kwamfutar ta fitar gaskiya ne?

Mai karatu ya sani cewa kwamfuta ba ta cewa "ban sani ba". Ko umarnin da aka ba ta daidai ne ko kuskure, za ta fitar da lambobi masu tsawo, da zane mai launi, har da hoton ƙwayoyi suna rawa a cikin akwati. Duk wannan yana ɗaukar ido, sai dai Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai. Duk wanda ya taɓa kai shinkafa kasuwa ya san ba a yarda da sabon sikeli don ƙyallinsa. Ana ɗora masa abin da aka riga aka san nauyinsa, in ya faɗi daidai sannan a ɗora masa buhun da ake ciniki a kai. Kwaikwayon kwamfuta ma sikeli ne, kuma yana da nasa dutsen awo.

Wannan dutsen awo shi ne abin da masana ke kira ruwa mai sauƙi, kuma babban misalinsa argon ne. Argon iskar gas ce da ta kai kusan kashi ɗaya cikin ɗari na iskar da muke shaƙa, ba ta haɗuwa da wasu sinadarai, kuma tana zama ruwa idan sanyi ya kai kimanin digiri 186 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas. Ƙwayoyinta a mulmule suke, ba su da kai ba su da gindi, saboda haka ƙa'ida guda ta isa ta bayyana mu'amalarsu: idan akwai 'yar tazara a tsakaninsu suna jan juna a hankali, idan suka matso ƙwarai sai su ture juna da ƙarfi. Masanin Ingila John Lennard-Jones ne ya fara rubuta wannan ƙa'ida da lissafi a 1924, kuma har yau da sunansa ake kiranta. An shafe fiye da shekara sittin ana kwaikwayon wannan ruwa, an san amsoshinsa ciki da bai. Hukumar kula da ma'aunai ta Amurka, NIST, ta ma ajiye jadawalinsu a intanet domin duk mai son gwada manhajarsa.

Tarihin wannan fanni tun farkonsa darasi ne a kan tabbatarwa. A 1953, a Los Alamos, Nicholas Metropolis da Marshall da Arianna Rosenbluth da Edward da Augusta Teller suka buga hanyar da ake kira Monte Carlo, sunan wani garin 'yan caca, domin ana motsa ƙwayoyin ne ta hanyar jefa ƙuri'a. Sun gwada ta da fayafai 224 a kan na'urar MANIAC. Tambayar da ta dami masana a lokacin ita ce: ƙwallaye masu tauri kamar na sunuka, waɗanda ba sa jan juna sam, in aka cunkusa su sosai, za su jeru su daskare kamar ƙanƙara? Lissafin Monte Carlo da iyalan Rosenbluth suka buga a 1954 bai nuna alamar daskarewa ba. A wani taro da aka yi a jihar New Jersey a 1957, George Uhlenbeck ya nemi masana su ɗaga hannu a kan wannan tambaya, sai suka rabu gida biyu.

Ɗaga hannu bai raba gardamar ba. Berni Alder da Thomas Wainwright, a cibiyar Livermore, sun bi wata hanya dabam: suka bar ƙwallayen suna karo da juna bisa dokokin motsi na Newton, da ƙwallo 32, da kuma 108. Amsarsu ta saɓa wa ta 1954. Maimakon kowa ya kafe a kan nasa, sai William Wood da abokin aikinsa Jacobson suka sake lissafin Monte Carlo a Los Alamos, suka bar shi ya daɗe yana gudana. Nan aka gane cewa lissafin farko gajere ne, an tsayar da shi kafin ƙwallayen su samu sukunin sauya tsari. Hanyoyin biyu suka haɗu a kan amsa ɗaya, aka buga takardun biyu kusa da juna a mujalla guda a 1957. Daga baya, a 1968, William Hoover da Francis Ree suka ƙayyade cewa daskarewar tana farawa ne idan ƙwallayen suka cike kimanin kashi 49 cikin ɗari na akwatin. A 1986 kuma Peter Pusey da William van Megen suka ga abin da idonsu a ɗakin gwaje-gwaje, da ƙananan ƙwallayen roba a cikin ruwa.

Ina so ɗalibanmu su tsaya a kan wannan. Kuskuren 1954 ya fito ne daga hannun waɗanda suka ƙirƙiro hanyar da kansu, kuma sanadinsa gajartar lokacin lissafi. To ina ga ɗalibin da ke aiki da kwamfutar hannu a garin da wutar lantarki ke zuwa ta ɗauke ba sallama, ga batir ya gaji, ga wa'adin miƙa aiki ya matso? Jarabar tsayar da lissafi da wuri a ɗauki abin da ya fito tana da ƙarfi ƙwarai a wurinmu, kuma babu abin da zai bayyana a kan allo ya gargaɗe shi cewa ruwan da ya zuba a akwatin bai natsa ba tukuna.

Mutumin da ya fara kwaikwayon ruwa na zahiri shi ne Aneesur Rahman, haifaffen Haidarabad ta ƙasar Indiya, wanda ya yi aiki a cibiyar Argonne ta Amurka. A 1964 ya ɗauki ƙwayoyin argon 864, a zafin digiri 94.4 na ma'aunin Kelvin, ya bi motsinsu a kan na'urar CDC 3600. Ƙwaya 864 ba komai ba ce idan aka tuna cewa giram 18 na ruwan sha yana ɗauke da gungun zarra da yawansu ya kai 6 da sifili 23 a bayansa. Domin a rage illar wannan ƙaranci, akan yi akwati marar bango: ƙwayar da ta fita ta gabas sai ta shigo ta yamma. Abin da ya sa aka yarda da aikin Rahman shi ne ya ɗauki tsarin da ƙwayoyin suka yi a kewayen juna, da saurin yaɗuwarsu, ya gwama da abin da aka auna a kan argon na gaske, suka yi kusa. Bayan shekara uku Loup Verlet na Faransa ya yi irin wannan aiki da ƙwayoyi 864, ya bar wa duniya hanyar lissafin motsi da har yau ake amfani da ita.

A nan ya kamata a rarrabe tambayoyi biyu da ɗalibai kan gauraya. Ta farko: shin kwamfutar ta warware lissafin da aka ba ta daidai? Ta biyu: shin lissafin da aka ba ta ya yi kama da abin da ke duniya? Misali guda zai fayyace su. Kowace iskar gas tana da wani zafi na iyaka, wanda in an wuce shi, komai matsin da aka yi mata ba za ta koma ruwa ba. Na argon, kamar yadda aka auna, kimanin digiri 151 ne na Kelvin. Idan aka bi ƙa'idar Lennard-Jones cikakkiya da lambobin argon da aka saba amfani da su, ana samun kimanin 157. Wannan 'yar tazara amsar tambaya ta biyu ce, domin ƙa'idar tana kallon ƙwayoyi bibbiyu ne kawai, ta kau da kai daga tasirin ta uku. Amma domin a rage wa kwamfuta aiki, akan yanke jan da ƙwayoyi ke yi wa juna idan tazararsu ta kai ninki biyu da rabi na faɗin ƙwaya. Idan aka yanke a nan, aka daidaita ƙa'idar ta koma sifili a wurin yankan, zafin iyakar yakan sauko zuwa kimanin 130. Layi guda ne a cikin fayil ɗin umarni, kuma sau da yawa ɗalibi kwafo shi yake yi daga misalin da ya samu a intanet. Wanda bai faɗi inda ya yanke ba, da ko ya yi gyaran da ake yi wa yankan, babu mai iya sanin wane ruwa ya kwaikwaya.

Akwai kurakuran da suka fi wannan ɓuya. A 1998 Stephen Harvey da abokan aikinsa biyu suka bayyana abin da suka laƙaba wa suna ƙanƙara mai tashi. Wata hanyar daidaita zafi da aka saba amfani da ita, wadda ke ƙara ko rage saurin ƙwayoyi a kai a kai, tana tsotse kuzari sannu a hankali daga rawar da ƙwayoyin ke yi, ta mayar da shi ga tafiyar taron gaba ɗaya. A ƙarshe sai abin ya daskare ya riƙa shawagi a cikin akwati dunƙule guda, alhali ma'aunin zafi yana nuna daidai abin da aka nema. Kafin nan, a 1992, Alan Ferrenberg da David Landau da Joanna Wong sun gano cewa wasu hanyoyin samar da lambobin ƙuri'a da kowa ke yabo suna ba da amsar kuskure a lissafin Monte Carlo. Sun kama su ne saboda sun gwada su a kan wani samfurin maganaɗisu da aka san amsarsa ta haƙiƙa tun daga aikin Lars Onsager na 1944. Da babu amsar da aka riga aka sani, da kuskuren ya wuce ba a gan shi ba.

Wani zai ce ai waɗannan tsofaffin labarai ne, manhajojin yau ƙwararru sun gwada su. Gaskiya ne an gwada su, amma sikeli mai kyau ba ya hana mai awo kuskure. A 2017 aka buga sakamakon wani gwaji da aka shirya a Jamus: an ba ƙungiyoyin bincike biyar aiki iri ɗaya, su lissafa kauri da kuzarin wasu sinadarai masu sauƙi irin su furofen da buten, dangin gas ɗin girki, kowace ƙungiya ita kaɗai, da manhajoji daban-daban. Amsoshin sun saɓa wa juna fiye da iyakar kuskuren da ƙungiyoyin suka ambata. Ƙwararru ke nan masu manyan na'urori. Idan haka ta faru gare su, ɗalibin da ya fara koyon manhaja wata uku da suka wuce ba shi da hujjar cewa nasa ya wuce bincike.

Abin da ake bukata kuwa ba shi da tsada. Kafin ɗalibi ya taɓa sinadarin da yake son bincike a kai, ya fara da ruwan Lennard-Jones. Ya rufe akwatin yadda kuzari ba ya shiga ba ya fita, ya duba ko jimillar kuzarin tana nan yadda take. In tana hawa, takun lokacin da ya zaɓa ya yi faɗi. Ya rage yawan ƙwayoyin har abin ya zama gas mai sirara, ya ga ko dokar Boyle da ya karanta a sakandare ta fito. Ya duba ko saurin ƙwayoyin ya rarrabu yadda Maxwell da Boltzmann suka lissafa, domin nan ne ƙanƙara mai tashi ke tona kanta. Ya maimaita aikin da ƙwayoyi 500, sannan da 4,000, ya ga ko amsar ta motsa. Daga nan ya ɗauki matsi da kuzarin da ya samu ya ajiye su kusa da na jadawalin NIST. Kwamfutar hannu ta yau tana gama mafi yawan waɗannan cikin 'yan sa'o'i.

Sai batun iyakar kuskure, wanda shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Lambar da aka rubuta ba tare da faɗin iya yadda za ta iya kaucewa ba, ba awo ba ce. Kuma akwai tarko a nan. Hotunan da kwamfuta ke ɗauka a jere suna kama da juna, domin ƙwayoyin ba su yi nisa da inda suke ba. Ƙirga su a matsayin shaidu dubu tamkar mai sayen shinkafa ne ya ɗebi samfuri sau goma daga bakin buhu, ya ce ya san abin da ke gindinsa. Shi ya sa 'yan kasuwa ke soka ƙarfen nan mai rami a wurare daban-daban na buhun. Masana ma suna da hanyarsu, wadda Henrik Flyvbjerg da Henrik Petersen suka yi wa cikakken bayani a 1989: a raba lissafin gida-gida masu tsawo, a ga yadda matsakaicin kowane gida ya bambanta da na sauran. A kuma sani cewa rage kuskure zuwa rabi yana bukatar ninka tsawon lissafin sau huɗu.

Wannan ɗabi'a ba baƙuwa ba ce a ƙasar Gwandu. Magabatanmu da suka kwafi littattafai da hannu sun san cewa ba a karɓar kwafi sai an yi masa muƙabala, wato an bi shi layi-layi ana gwama shi da asali. Malam Abdullahi Fodiyo har littafi ya rubuta, Ida'un Nusukhi, inda ya lissafa malaman da ya ɗauki ilmi daga gare su da abin da ya karanta a wurinsu. Al'ummar da ta gaji tambayar "daga wa ka ji?" bai kamata ta karɓi lamba don kawai kwamfuta ce ta faɗe ta ba.

Kada kuma a ɗauka cewa gwama aiki da abin da aka sani yana toshe ƙofar sabon abu. A 1970 Alder da Wainwright suka gano cewa ƙwaya a cikin ruwa ba ta manta alƙiblar tafiyarta da saurin da masana suka ɗauka. Tasirin yana jan jela ya daɗe. Wannan ya saɓa wa abin da ake koyarwa, amma an saurare su, kuma masu lissafi suka tabbatar da shi daga baya. An saurare su ne domin sikelinsu ya riga ya ci jarrabawa a inda aka san amsa.

Saboda haka ina da shawarwari ga sassan fiziks da kimiyyar sinadarai na jami'o'inmu. Na ɗaya, duk aikin da ya dogara da kwaikwayon kwamfuta ya ƙunshi shafi guda na tabbatarwa kafin babin sakamako: ga abin da aka sani, ga abin da na samu, ga tazarar da ke tsakaninsu. Na biyu, a liƙa fayilolin umarni da lambar zubin manhajar a ƙarshen kundin, yadda wani zai iya maimaita aikin. Na uku, malaman da ake gayyatowa daga waje domin jarraba ɗalibai su riƙa fara tambaya da wannan shafi. Na huɗu, wanda na fi ƙwallafa rai a kansa, mu yi namu gwajin irin na Jamus. A zaɓi zafi guda da kauri guda na ruwan Lennard-Jones, a ba ɗalibai a Kalgo da Aliero da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, kowa ya yi nasa ba tare da tuntuɓar wani ba, sannan a haɗu a buɗe amsoshi. Ba ya bukatar sabon gini ko kwangila, kuma abin da ɗalibai za su koya daga bin sawun saɓanin da zai fito ya fi na zangon karatu guda.

Mai karatu na iya tambaya, mene ne ruwanmu da argon? Irin waɗannan hanyoyi ake bi wajen nazarin man fetur da iskar sanyaya firiji da magunguna, kuma saboda ayyukan da suka share fagen kwaikwayon manyan sinadarai aka ba Martin Karplus da Michael Levitt da Arieh Warshel kyautar Nobel a 2013. Da yawa daga cikin matasan masu bincikenmu suna amfani da dangin waɗannan manhajoji su nuna cewa wani sinadari da ke cikin ganyen gargajiya yana kama ƙwayar cuta. Irin wannan magana tana fita daga kundi ta shiga rediyo, daga can ta isa ga marar lafiya. Wanda bai iya fitar da amsar ƙwayoyin argon masu mulmule ba, bai kamata a karɓi maganarsa a kan sinadari mai zarra dubu a cikin ruwa ba.

Akwai fannonin kimiyya da rashin kuɗi ya hana mu gogayya a cikinsu. Wannan ba ya cikinsu. Jadawalin da ɗalibin Jamus ke gwada aikinsa da shi, shi ne wanda ɗan Diggi zai sauke a wayarsa, kuma mai tace takardu a mujallar ƙasar waje tambaya ɗaya zai yi musu su biyun. Abin da ya rage shi ne malamanmu su mayar da wannan tambaya wajibi tun daga gida.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.